Rahoton Kwamitin Gyaran Magudanar Ruwa da Kududdufin Unguwa

Kwamitin da taron unguwa ya ɗora wa alhakin gyaran babbar magudanar ruwa da kududdufin da ke bayan makarantar allo yana gabatar da wannan rahoto ga Mai Unguwa, da limamai, da dattawa, da duk waɗanda suka ba da gudummawar kuɗi ko ta ƙarfi, bayan an kammala mafi yawan aikin kuma damina guda ta gwada shi.

Umarnin farko da aka ba mu shi ne a yashe lambatu a kuma gyara inda ya rushe, domin ruwan sama ya daina kwanciya a ƙofar gidaje yana cin gindin katanga. Da muka bi magudanar har ƙarshenta, sai muka tarar duk abin da muka kora daga ƙofarmu a Jakara yake faɗawa. Ita kuwa Jakara tana ratsa birnin Kano ta gefen Kasuwar Kurmi, ta kwashi ruwan gidaje da na mayanka, can gaba ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, sannan ta zube a madatsar ruwa ta Wasai da ke yankin Minjibir, wadda aka gina a 1976. Da wannan ruwa masu lambu na Kwakwaci suke ban ruwan latas da kabeji da alayyafon da ke dawowa kasuwanninmu, a cikinsa kuma masuntan Wasai suke kama kifi. Saboda haka kwamiti ya koma gaban taro ya nemi a faɗaɗa aikin, yadda ruwa zai wuce amma datti ya tsaya a inda za a iya kwashe shi, kuma aka amince.

An fara da rani, lokacin da lambatun ya ƙafe. Matasa suka yi aikin gayya da shebur da baro, kuma mafi yawan abin da aka fitar yashi ne da toka da ledar fiya wata da robobi, ƙarƙashinsu baƙin dagwalo mai ɗoyi. Ba mu yarda a jibge shi a bakin lambatu ba kamar yadda aka saba, domin ruwan farko ke mayar da shi inda aka ciro shi. Da ya tsane sai a loda shi a tifa. Bayan haka birkiloli suka sake gina bangon da ya zube da kankare da rodi, aka daidaita gangaren ƙasan magudanar, aka sauya ƙaramin kwalbatin mararraba da mai faɗi. Wasu sun so a rufe saman gaba ɗaya don a sami wurin kasa kaya, amma kwamiti ya tsaya a kan murafan kankare da mutum biyu za su iya ɗagawa, tun da magudanar da ba a iya buɗewa ba za a iya yashe ta ba.

Ginshiƙin aikin shi ne ramuka biyu na tarar yashi da aka gina, ɗaya a mashigar kududdufi, ɗaya a gab da inda ruwanmu ke barin unguwa. Kowane rami ya fi lambatun faɗi da zurfi, don haka ruwan da ya taho da gudu yana shiga sai ƙarfinsa ya karye, yashi da laka su kwanta a ƙasa. A gabansa an kafa ragar ƙarfe a karkace, ba a tsaye ba, domin leda ta hau samanta a janye ta da manjagara, maimakon ta manne ta toshe hanya. A tsakiya kuma akwai ɗan bango da ya sauko daga sama bai taɓa ƙasa ba, ruwa na bi ta ƙarƙashinsa, mai da kumfar da ke yawo a sama su maƙale a bayansa. An bar wata kafa a gefe don ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kada ragar ta cika ruwa ya koma gidaje.

Game da kududdufi an yi doguwar muhawara, domin akwai masu ganin a cike shi a yanka filaye. Irin waɗannan kududdufai iyayenmu suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini, kuma su ne ke riƙe ruwan damina su sake shi a hankali; unguwannin da suka cike nasu suka yi gini a kai sun san abin da watan Agusta ke kawo musu. An kwashe jujin da ya cinye gefe guda, aka janye kainuwar da ta rufe ruwan, wadda yawanta kansa shaida ce cewa ƙazanta na ciyar da ita. An jera dutse a gaɓar da ke zaizayewa, aka dasa jema a sauran, aka gina mafitar da ruwa zai bi idan ya cika. Wannan bai mayar da shi ruwan sha ko na wanka ba, kuma muna roƙon iyaye su hana yara iyo a ciki saboda tsargiya.

Wajibi ne a faɗa a fili cewa rami da raga ba sa tare ƙwayoyin cutar amai da gudawa, ba sa kuma cire sinadarin da ya riga ya narke a ruwa. Shi ya sa Mai Unguwa ya zauna da masu gidajen da suka jona masai da lambatu, mafi yawansu kuma sun haƙa sokawe. Makanikai sun karɓi durom na tara baƙin mai. Maganar ruwan da masu rini ke zubarwa a lambatu ce ba a kai ƙarshenta ba.

Kuɗin aikin ya fito ne daga karo-karon gidaje da gudummawar 'yan kasuwa, kuma rasit na kowane saye yana hannun ma'aji ga mai son dubawa. Tashin farashin siminti a tsakiyar aiki ya sa katangar da za ta kewaye kududdufin ta tsaya a ɓangaren makaranta kawai.

A daminar da ta wuce ruwa bai shiga gida ko ɗaya a layin ba, amma ramukan sun cika da yashi tun kafin tsakiyarta, sai da aka yashe su. Don haka an tsara cewa layuka za su riƙa karɓa-karɓa wajen share raga bayan kowane babban ruwa, a kuma yashe ramukan ranar tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata. An rubuta wa hukumar kwashe shara ta jiha takardar neman a ajiye mana babban mazubi a mararraba. Kayan aikin da aka saya suna ɗakin ajiya na masallaci, kuma kwamiti yana neman taro mai zuwa ya naɗa waɗanda za su karɓi kulawa da ragowar katangar da batun masu rini.