Kada a wanke faga'a kafin a ajiye ta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina aiki a Hafar al-Batin, Saudiyya, inda ake tono faga'a, wani irin naman kaza mai kama da dankali, daga cikin yashi bayan ruwan hunturu. Ita ce kam'ar da hadisi ya ambata. Bara na sayi kilo 2 na farar, wadda ake kira zubaidi, da tsadarta. Na wanke tas, na ɗaure a leda, wai ni mai tsafta. Kwana uku ta yi yauƙi, sai bola!

Maƙwabcina ne ya gyara mini: a kakkaɓe yashin kawai, a naɗe kowace a takarda, a sa firji, ana sauya takardar kullum, a cinye cikin mako. In za ta daɗe, a fere, a yanka, a daskarar.

Naku,
Wani mai karatu, Hafar al-Batin