Zancen kambas ɗin gudu

Salamu alaikum mutumina,

Ya Fatakwal, ya fama da ruwan sama? Mu nan Birnin Kebbi zafi ne kawai, in ba bayan sallar asuba ba ba mai fita gudu.

Na ga saƙonka kan ciwon ƙwauri da gwiwa tun da ka fara gudun rage tumbi, kuma wallahi hoton kambas ɗin da ka turo ya gama ba da labari, dubi yadda gefen ciki ya cinye daga dunduniya har wajen babban yatsa amma na waje bai ji komai ba. Ƙafarka ciki take faɗawa in ka taka, idon sawu ya karkata gwiwa ta bi shi. Ƙafar kowa na ɗan yin haka, taka ce ta wuce kima, kuma ya fi samun masu shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa. Jiƙa ƙafa ka taka busasshen siminti, in sawun ya fito duka ba rami a tsakiya toh kana cikinsu.

Don Allah kar laushi ya ruɗe ka a shago, irin wanga ƙafa mai tallafi take so, wanda aka ƙarfafa sosonshi ta gefen ciki. Ka matsa bayan dunduniyar da yatsu, in ya loɓa aje shi. Ka murɗa shi, in ya murɗu kamar tsumma ba naka ba ne, wajen yatsu kaɗai ya kamata ya lanƙwasa. Asics Gel-Kayano ko GT-2000, Brooks Adrenaline GTS, New Balance 860, duk don haka aka yi su, sai dai jabu ya yi yawa, ni dai na fi yarda da abin da hannuna ya taɓa a kan sunan da ke jiki.

Na san halinka, gwanjo za ka nufa. Ba laifi, amma ka ɗora shi kan tebur ka duba ta baya, in ya riga ya karkata ƙafar wani ta gama da shi, ko sabo ma daga kilomita 500 zuwa 800 soson ya mutu. Da yamma za ka gwada lokacin ƙafa ta ɗan kumbura, da safa, ka bar faɗin babban yatsan hannu a gaba.

In ka canza kuma gwiwar ba ta daina ba, je asibiti ɓangaren gashin ƙashi su duba ka, kar ka yi ta shan maganin ciwo kana gudu a kai.

Ka gaida madam da yara, in ka samu takalmin turo min hoton ƙasanshi kafin ka biya.

Naka,
daga Birnin Kebbi