Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Malam, a kan tambayar da ya yi mini a rediyo

Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali.

Ban saurari shirin da aka yi da kai ranar Laraba da daddare ba, amma kafin a kira assalatu mutum huɗu sun turo mini muryarka ta WhatsApp, wato ta kafar da ka ce ba ta da amfani. Na ji ka ambaci sunana, ka ce in nuna wa jama'a mutum ɗaya tak da na taɓa sauya wa ra'ayi a shekarun da na kwashe ina jayayyar siyasa a Facebook, idan kuwa babu, to in faɗi wanda yake saya mini data, domin ba a yin aikin baban giwa kyauta. Tun da a bainar jama'a ka yi tambayar, a bainar jama'a zan amsa.

Zan fara da zancen data, domin shi ne ya hana ni barci. Da wani ne can ya faɗa, da na bar shi da halinsa, amma kai ka san gidanmu, ka san mahaifina, ka kuma san cewa albashin koyarwa nake ci tun ranar da na fara aiki. A watan Janairun 2012, lokacin da gwamnatin Jonathan ta cire tallafi, litar fetur ta tashi daga naira 65 zuwa 141, tare muka kwana a shataletalen Silver Jubilee cikin hunturun Kano, kuma da wayata ka riƙa aika saƙon kiran mutane su fito, saboda taka ba caji. A daren nan ba ka tambaye ni wanda ya saya mini kati ba. Daga baya na soki gwamnatin Buhari, wadda na zaɓa da hannuna, yanzu kuma ina sukar ta Tinubu. Idan akwai ubangidan da yake biyan yaro ya soki gwamnati uku a jere, ina roƙon ka haɗa ni da shi, domin na daɗe ban ga mai kyauta irinsa ba. A cikinmu dai akwai wanda ra'ayinsa a kan tallafin mai ya juya cikin mako guda, kuma a iya sanina abin da ya shiga hannunsa a makon nan takardar naɗi ce. Ban zarge ka ba, ranka ya daɗe, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin da ban gane ba shi ne dalilin da zai sa wanzamin ya riƙa leƙa aljihun 'yan kallo.

Mutum ɗayan da ka nema kuwa, ni ne. A watan Oktoban 2020, da matasa suka fito neman a rushe rundunar 'yan sanda ta SARS, ina cikin 'yan Arewan da suka rantse cewa makirci ne aka ƙulla don a kifar da Buhari. Na rubuta haka, aka yi ta yi mini jinjina. Wata mata daga Kudu, wadda ban sani ba, ta amsa mini da labarin ƙanenta da aka tare a hanya saboda an gan shi da kwamfuta, aka tsare shi kwana tara, har sai da mahaifiyarsu ta sayar da keken ɗinkinta. Na mayar mata da baƙar magana, mabiyana suka taya ni, na kwanta ina jin na yi nasara. Sai dai keken ɗinkin nan ya ƙi barin raina, saboda da irinsa aka biya mini kuɗin makaranta. Bayan makonni na tsinci kaina a majalisarmu ina kare maganarta kamar tawa ce. Ban koma na ce mata ta yi gaskiya ba, kuma har yau ba ta san ta kayar da ni ba. Da za ka yi mata tambayar da ka yi mini, ita ma cewa za ta yi ba ta taɓa sauya wa kowa ra'ayi ba. Mutum ba ya sauka daga kan maganarsa a gaban jama'a, sai ya koma ɗaki shi kaɗai.

Kuma ni ban taɓa yin jayayya don abokin jayayyar ba. A bakin layinmu akwai mai shayi, kuma kusan kullum bayan isha'i za ka tarar da yaro ɗaya riƙe da waya yana karanta wa mutum bakwai ko takwas abin da wane ya ce da amsar da wane ya ba shi, cikinsu har da dattijon da bai san boko ba, yana cewa a maimaita masa wurin da aka faɗi kuɗin kwangilar. Waɗannan ba sa rubuta komai, ba wanda zai ƙidaya su, amma suna da katin zaɓe.

Na yarda akwai zagi, akwai ƙarya, akwai cin mutuncin iyaye, kuma na yarda hayaniyar intanet ba ƙuri'a ba ce: a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum fiye da miliyan 93 ne suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su cika miliyan 25 ba. Amma sojojin baka sun riga Facebook zuwa Kano, a rediyon da ka zauna suka yi suna, ban kuma ji ka ce a rufe gidajen rediyo ba.

Abin da nake so ka bayyana wa masu sauraronka shi ne, idan surutun banza ne, me ya sa masu mulki suke tsoronsa haka? A watan Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta rufe Twitter bayan kamfanin ya goge wani saƙon shugaban ƙasa, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. A ranar 1 ga Nuwamban 2024 aka gurfanar da yaran da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta a wata kotun tarayya a Abuja, da yawansu 'yan Kano da Kaduna, waɗansu suka yanke jiki suka faɗi don yunwa. Kusan wata uku suna tsare ba wanda ya motsa, amma da hoton bidiyon ya zaga wayoyin mutane, cikin kwana uku shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Sannan akwai Abubakar Idris Dadiyata, malamin jami'a wanda aka san shi da sukar masu mulki a intanet, wanda wasu mutane suka ɗauke a ƙofar gidansa a Kaduna a watan Agustan 2019, har yau iyalinsa ba su ga ko takalminsa ba. Ban ce na san waɗanda suka ɗauke shi ba. Na dai san cewa su ba su ɗauki rubutunsa a matsayin aikin baban giwa ba.

Kai ne ka fara ba mu tarihin jam'iyyar NEPU, ka gaya mana yadda aka kafa ta a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, da yadda aka riƙa kiran mabiyan Malam Aminu Kano marasa kunya saboda sun yi wa sarakuna tambaya a kasuwa, da yadda aka sha ɗaure Hajiya Gambo Sawaba. Yau da ɗan talaka ya sami inda zai yi tambaya ba tare da ya tsuguna a zauren kowa ba, sai ga shi ku ne kuke cewa ya yi shiru ya shiga siyasa ta gaske. Ta wace ƙofa? A 2018 an rage shekarun takara, na ɗan majalisar wakilai ya dawo 25, na shugaban ƙasa 35, muka yi murna. A 2022 jam'iyya mai mulki ta sa fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100. Taron jam'iyya na masu sayen daliget ne, kujerar ƙaramar hukuma kuwa sai wanda gwamna ya nuna. Wayar nan ita kaɗai ta rage, ita ma kuna so mu ji kunyar riƙe ta.

Ga shawarata. Ka roƙi mai gabatar da shirin ya gayyace mu tare ranar Laraba mai zuwa. Zan zo da takardar bayanin asusuna na banki ta shekara uku, a karanta a gaban kowa. Kai kuma ka zo da sunayen matasan da suke fitowa a ƙarƙashin duk rubutun da na yi a kan ofishinku, da kalmomi iri ɗaya har da kuskuren rubutu iri ɗaya, ka gaya mana wanda yake saya musu tasu datar, da kuma dalilin da ya sa ake kashe kuɗi a kan abin da ba ya sauya ra'ayin kowa. Idan Laraba ba ta yi maka ba, ka zaɓi ranar da ta yi.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara.

Wassalam,
Ƙaninka, kuma tsohon ɗalibinka.