Dillalai sun yi wa manoman Damagaram yawa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni fili in yi magana kan wahalar manomanmu. Da kaka in ka je kasuwar Matameye ko Magarya ko Mirya, tun kafin manomi ya sauke buhun wake ko gyada daga amalanke 'yan kamasho sun kewaye shi, su za su yanka farashi, su za su auna da tiyarsu, kuma sau da yawa dama ya ci bashinsu tun damana to ina bakin magana? Wannan hatsin dai za a boye a mangaza, da bazara ya dawo kasuwar Dole ta birnin Zinder da tsada, mai nomansa ya saya.

Ni ban ce a kori dillali ba, shi ma abinci yake nema, kuma shi ya san masu saye daga Kano. Amma hannuwan sun yi yawa wallahi.

Manoma su hada kungiya su ajiye amfaninsu jingina su karbi bashi har farashi ya tashi, OPVN, hukumar gwamnatin Nijar mai kula da kayan abinci, ta rika saye kai tsaye daga kungiyoyin tun kaka, gidajen rediyon karkara kuma su rika fadin farashin kasuwanni kowane mako.

Naku,
wani manomi daga Zinder