Sanarwa: yaron da haƙorinsa ya fita

Assalamu alaikum likitoci da ma'aikatan asibitin haƙori na wannan rukuni. Ina roƙon kowa ya karanta, domin yaran da ke faɗowa daga mashin ko suke karo wajen ƙwallo a Sabon Gari da Tudun Wada, mu ake fara kawo wa kafin a kai asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya.

Abu na farko, a tantance: haƙorin yarinta ne ko wanda ya fito bayan famfara? Na yarinta ba a mayar da shi, don zai iya lalata wanda ke tasowa a cikin dasashi. Na girma kuwa, a mayar da shi gurbinsa nan take. A riƙe shi ta kai, kada a taɓa saiwar, kada a kankare ta. In ya yi datti, a ɗauraye da madara ko ruwan gishirin asibiti. Idan ya bushe sama da minti 60, ƙwayoyin halittar da ke jikin saiwar sun mutu, shi ya sa haƙorin da aka naɗo a takarda yake ba ni takaici. A faɗa wa iyaye da malamai su tsoma shi a madara, ban da ruwan famfo.

Ƙa'idar IADT (ƙungiyar duniya ta masana raunin haƙori) ta 2020 ta ce a ɗaure shi da haƙoran gefe da siririyar waya mai laushi har sati 2, a kuma duba rigakafin tetanus. Yaron da ke amai ko ya suma, a fara duba kansa kafin haƙori.

Allah Ya tsare mana yaranmu.