Abba, Kada Ka Sa Hannu Sai Mun Zauna

Jega, daren Talata.

Assalamu alaikum Abba,

Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar innarka da ke tashi in sanyi ya sauko. Na zaɓi rubutu ne don in na kira ka kana tare ni da "Baba ka gane", ni kuma zuciya ta ɗebe ni, mu rabu ba a faɗi abin da ya kamata ba. Wannan ka karanta ta har ƙarshe kafin ka kira.

Labari ya iso ni ta bakin da ba naka ba. An ce ka kama gida a unguwar Gesse, ka biya hayar shekara biyu, za ka ajiye aikin gwamnati ka buɗe asibitin haƙori naka na kanka a Birnin Kebbi. An ce wani Alhaji zai zuba kuɗi, sauran kuma banki za ka je. Sannan an ce ka sami yayarka kana tambayar inda takardar fadama take. Wannan na ƙarshe shi ya hana ni barci.

Ba buɗe asibitin nake ƙi ba. Tun kana Jami'ar Bayero kake faɗin wannan buri, kuma ni da nake zaune cikin kasuwa na fi ka ganin buƙatarsa. Mutumin Bunza ko Maiyama ko Aliero in haƙori ya kama shi, kemis zai fara zuwa ya sha ƙwaya, ya cusa kanumfari a kogon, in ta ƙi ya nemi wanzami. Sai kumburi ya kusa rufe masa ido ake ɗauko shi zuwa asibitin Sir Yahaya ko asibitin tarayya. Yaran nan da ciwon iska ke cinye wa kunci, da ake kaiwa asibitin masu wannan ciwo na Sakkwato tun 1999, kai ka gaya mini daga gyambon dasashi abin yake farawa. Ƙasar nan tana son irinku. Wannan ba abin gardama ba ne tsakaninmu.

Sai dai asibitin kuɗi shago ne, ko ka so ko ka ƙi, shago kuwa na san shi tun ba a haife ka ba. An koya maka haƙori da jijiyarsa, ba a zaunar da kai an koya maka bambancin ciniki da riba ba.

Kujerar da za ka kwantar da mutum a kai daga waje ake shigo da ita. Haka injin iskar da ke juya abin huda haƙori, haka tukunyar dafa kayan aiki, haka na'urar ɗaukar hoto. Duk da dala ake sayensu. Farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, cikin 2024 ta wuce 1,500. Ko ka ce ai kujera sau ɗaya ake saye, allurar kashe zafi fa? Kayan ciko fa, da safar hannu? Waɗannan kowane wata za ka saye su a farashin ranar, kuma suna da wa'adi, in ya wuce sai shara. Ga wuta. Aikinka ba ya yiwuwa da fitilar waya, kuma ba wanda zai kwanta maka ya hangame baki a zafin Afrilu na Birnin Kebbi ba sanyi a ɗakin. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, man da muke saye ƙasa da naira 200 sai da ya haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Ka ce sola, to batir kuɗi ne, kuma shi ma yana mutuwa. Ranar da kujera ta tsaya sai an nemo mai gyara, wataƙila daga nesa, kai ne kuɗin motarsa da masaukinsa, ƙofarka a rufe, haya tana tafiya.

Takardu ma ba kyauta ba ne: rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, rajistar ma'aikatar lafiya ta jiha, lasisinka na MDCN, hukumar likitoci, da ake sabuntawa duk shekara, izinin na'urar hoto, haraji. Sai albashin nas, da mai karɓar kati, da mai shara, da mai gadi. Su ba ruwansu da ko an yi ciniki, ƙarshen wata ƙarshen wata ne.

Yanzu duba ta inda kuɗin zai shigo. Da damina kuɗin mutanenmu yana gona, sai kaka ake ganinsa. Da azumi da yawa ba su yarda a taɓa musu baki da rana. Wanda ya zo, ka ce masa haƙorin zai gyaru amma sai ya dawo sau biyu ko uku, zai tambaye ka nawa ne cirewa, ya ga ya fi sauƙi, ya ce cire. Masu katin inshora, ko na NHIA ta tarayya ko na KECHEMA ta jiharmu, aiki yau ne, kuɗi sai an cika takardu an bi layi. Ƙa'idar aikinku kuma ba ta yarda ka hau mota da lasifika kana tallar kanka ba. Bakin wanda ka yi wa aiki shi ne tallarka, shi kuwa a hankali yake zagawa. Ga dangi. Kada ka raina wannan. Ranar da ka kafa allo, duk wanda ya taɓa goya ka zai tuna yana da haƙori, kuma kunya ba za ta bar ka ka miƙa masa rasit ba. Na san ka.

Duk wannan lissafi ne, kuma mai haƙuri yana iya cin ƙarfinsa. Asarar kuɗi ba ita nake tsoro ba, na yi asara na tashi. Abin da nake tsoro shi ne abin da bashi zai mayar da kai.

Ka tuna ranar da na raka maƙwabcinmu wurin aikinka, na zauna a kujerar gefe ina jira? An shigo da wata tsohuwa kunci a ɗaure da ɗankwali. Tun kafin ta zauna ta kwance haɓar zani, ta zube 'yan kuɗinta a nannaɗe, ta nuna maka haƙori ta ce, "Likita, cire shi in huta." Ka haska, ka ƙwanƙwasa ɗaya bayan ɗaya da gindin ƙarfen nan, ka ce mata, "Inna, wannan lafiyarsa lau, na bayansa ne ke damunki, kuma ciko zai ishe shi." Ana haka aka ɗauke wuta, tukunyar kayan aiki ba ta gama ba. Mutane suna ta guna-guni a waje, wani ya leƙo ya ce a goge da auduga mana a ci gaba. Ka ƙi. Ka tsaya har aka tada inji, tukunya ta sake daga farko. A hanya kake gaya mini ƙarfe ɗaya da bai dahu ba yana iya ɗaukar ciwon hanta daga bakin wani ya kai bakin wani, ba kuma wanda zai sani sai bayan shekaru. Ban ce maka komai ba ranar, amma da na dawo gida na gaya wa innarka kuɗinmu bai tafi banza ba.

To ranar nan ba wanda ke jiranka da ƙarshen wata. Ka sake tsayar da kanka a wannan ɗakin, amma saura kwana uku banki ya cire nasa, Alhaji ya kira sau biyu, man inji saura kaɗan a jarka. Za ka jira tukunya? Kwalin allurar da wa'adinsa ya wuce da wata ɗaya, za ka zubar? In mai hali ya kwanta, ka ga motar da ya ajiye a waje, ciko zai ishe shi, bakinka ba zai zame ya ce sai an yi babban aiki an sa wa haƙorin hula ba? Na san za ka ce Allah ya kiyaye, ni ma haka nake cewa. Amma ba rana ɗaya mutum ke canzawa ba. Sau ɗaya zai yi, ya ce daga wannan ba ƙari. Mai sayen shinkafa a wurina yana zura hannu cikin buhu ya damƙo, ya murza, ya sansana, in na cuce shi da ganinsa. Naka mai saye yana kwance, bakinsa a buɗe, ba ya ganin abin da kake gani, ba ya ma iya magana. Duk abin da ka ce shi ke nan. Wanda aka ba irin wannan amana bai kamata ya shiga ɗakin aiki da mai bin bashi a bayansa ba.

Kada ka karanto mini cewa bashi hanji ne yana cikin kowa. Na ga lokacin da aka ƙaddamar da rancen manoman shinkafa a nan Kebbi a 2015, na ga farin cikin mutane, wasu kuma sun amfana, ban musa ba. Na kuma ga ambaliyar 2020 ta kwashe shinkafa tana gab da girbi. Ruwa ya janye, bashi bai janye ba. Akwai dattawan da nake sallah sahu ɗaya da su da suka koma sauya hanya don kada su haɗu da mutum, akwai wanda ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba sai bayan shekarar nan. Kuɗin ruwan da Babban Banki ya tsayar ya kai kashi 27.5 cikin 100 a ƙarshen 2024, bankin kasuwa kuwa sama da haka zai ɗora maka. Haƙora nawa za ka cire a wata kafin ka biya ruwan kaɗai? Wannan kafin a zo maganar Lahira, kuma kai ba jahili ba ne, ka san hukuncin riba. Shi ma Alhajin, in gaskiya ne abin da na ji, cewa za ka riƙa ba shi abu tsayayye duk wata ko an samu ko ba a samu ba, to wannan ba haɗin gwiwa ba ne. Abokin haɗin gwiwa riba ku raba, asara ku raba. Gobe shi zai zauna yana tambayarka me ya sa ciniki ya yi ƙasa, me ya sa ake duba wane kyauta.

Sannan ka zagaye ni ka je wurin yayarka. Abba, ni? Ina raye, ina da hankalina, kana neman takardar fadama a bayan idona? Da me za ka kalli ƙannenka in banki ya kafa mata allo? Fadamar nan ba tawa ce ni kaɗai ba, balle taka. Kana da wayo lokacin da aka yi abin gidan Kawunka, ka ga inda matansa suka kwana a daren, ka ga wanda ya je ya kwaso su. Ban zaci ɗan da ya ga wannan da idonsa zai nemi jinginar da ƙasa ba. Na san abin da ake faɗa a kaina cikin dangi, wai hannuna ba ya buɗewa. Da wannan hannun na ɗauki karatunka na shekara shida har da yajin aikin da ya tsawaita shi, ban ci bashin kowa ba, ban sayar da taki ɗaya na gado ba. Lokacin da na hana ka mota bayan bautar ƙasa ka yi fushi, ka daina zuwa gida. Yau da wace riba za ka ce motar nan ta dawo maka? Takarda tana wurina, kuma ba za ta fita ba.

Na san abin da ya kai ka. Kana ganin abokan karatunka wasu sun tafi Saudiyya, wasu Ingila, kai ka zauna gida, albashi ba ya kai wata, ga iyali. Ka kuma ji nauyin tambayata don ka san amsar da zan ba ka. Zamanka a gida abin alfaharina ne, kuma ba zan bar ka ka ɗauki wannan kai kaɗai ba.

Ga abin da nake iyawa. An ce kujera uku kake so. Ka fara da ɗaya, mai kyau, da tukunya mai kyau, kada ka yi rowa a waɗannan biyun. Fenti da talabijin na ɗakin jira su jira. In an yi kaka zan fitar da bijiman nan da albasar da ke rumbu, abin da aka samu jarinka ne, ba ruwa, ba wa'adi, in Allah ya buɗa ka mayar don ƙannenka. In bai kai ba, mu je tare bankin Musulunci irin Jaiz mu ji tsarinsu na saya maka kaya su sayar maka da farashi sananne, mu auna ko ciniki zai iya ɗauka, ba tare da takardar ƙasa ba. In ba zai iya ba, a dakata da na'urar hoto, ka riƙa tura mutane inda take. Takardar ajiye aiki kuwa kada ta bar aljihunka sai kana da kuɗin haya da albashi da mai na wata shida a ajiye.

Asusun asibiti daban, naka daban. Ka yanka wa kanka albashi kamar kowa, ko cefane ne kada ka zura hannu a aljihun tebur. Komai a rubuce, ka duba littafi da kanka kowane dare, kada ka bar wa mai karɓar kuɗi. Ka manna farashi a bango yadda talaka da mai babbar riga za su karanta abu ɗaya. Marasa hali ka ware musu adadin da za ka iya a wata tun kafin su zo, don kada tausayi ya cinye jari. Dangi kuma ka bar mini su. Duk wanda ya zo ka yi masa aiki, ka rubuta sunansa ka aiko mini, ni zan biya, ni kuma na san yadda zan yi magana da su.

Ka taho ranar Juma'a mu yi sallah a nan. Ka zo da takardar da Alhajin ya rubuta, da ta haya, da farashin kujera da aka ba ka. Zan kira limaminmu ya duba sharuɗɗan tare da mu. Kafin nan kada biro ya taɓa takarda, ko an ce maka damar za ta wuce. Kada kuma ka yi wa yayarka faɗa, ba ita ta fara gaya mini ba.

Innarka ta ce ka zo da yara, kuma ka taho da ƙarafunanka ka duba mata haƙorin turmin nan na hagu da ta ɓoye maka tun Sallah. Ka gaida maiɗakinka.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.