Auta, ga kwamfutar nan tafe

Assalamu alaikum Auta,

Da fatan kana lafiya, da Baba da Inna da duk mutanen gida. Ni ma lafiya lau, sai dai sanyin Hamburg, yanzu ƙarfe huɗu na yamma gari ya fara duhu.

Kwamfutar da na yi maka alkawari na ba wani ɗan unguwarmu da zai sauka Kano. Ta hannu ce, amma ƙalau take, Windows 11 ce a kanta. Da gangan na zaɓo ta, don Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Maballanta na Jamusawa ne, Z na zaune a gurbin Y, hannunka zai riƙa rubuta "zaza" maimakon "yaya". Na sa mata tsarin Turanci da na Hausa mai ƙ da ɗ, ka danna maballin Windows tare da dogon nan na ƙasa sai ta sauya.

Abin da ya fi damuna shi ne hoton shagonka da ka turo. Na ƙura wa allon tsohuwar kwamfutarka ido, fayil kan fayil, ko wurin ajiye allura babu. Haka nawa yake da na fara aiki a ofishin sito. Wata rana direba ya tsaya a kaina ina laluben takarda ɗaya har gumi ya karyo min. Wata dattijuwa abokiyar aikina ce ta ja kujera muka share allon tas.

Don Allah kai ma ka yi haka. Jaka uku na adana fayil, wato folda, sun ishe ka: aikin yau, wanda aka gama, da wanda ba a biya ba. Word da abin shiga intanet ka maƙala su a layin ƙasa. In kana kwafar aikin ɗalibi, danna Windows da kibiyar hagu, takardarsa ta koma rabin allo, taka ta zauna a ɗaya rabin. Windows da V kuwa, in ka kunna shi, yana riƙe maka abu 25 da ka kwafa. Ka dubi teburin ɗinkin Baba, ko an ɗauke wuta ya san inda almakashinsa yake.

In ta iso ka shirya ta, ka ɗauko min hoton allon in gani. Ka faɗa min ya ƙafar Inna, ka kuma gaishe min da Baba da kyau.

Yayanka